BABI NA UKU: TARIHIN SOYAYYA DA GININ TAURARI A WASANNIN MASHAYA JINI NA TALABIJIN A AMURKA (1966–2017)

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin tarihin wani nau'in wasan kwaikwayo na talabijin wanda ya yi tashe a ƙasar Amurka, wato wasan da ake gina shi a kan soyayya tsakanin budurwa 'yar makarantar sakandare da mashayin jini. Za a dubi inda mashayin jini ya samo asali a adabin Turai da yadda ya shiga talabijin, sa'annan a tsaya a kan wasanni biyu da suka yi fice a wannan fage, wato Buffy the Vampire Slayer (1997–2003) da The Vampire Diaries (2009–2017).

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, soyayya ita ce babbar hanyar da marubutan waɗannan wasanni suka bi wajen sauya halayen taurarinsu, sai dai wanda soyayyar take ginawa ya canza da tafiyar lokaci. A wasan farko budurwar ce take girma ta hanyar wahalar so. A wasa na biyu kuwa mashayin jinin ne yake gyaruwa, budurwar ta koma dalilin gyaruwarsa. Wannan sauyi abin lura ne, domin tashoshin da suka nuna wasannin matasa suke nema, musamman mata, kuma kowane wasa yana ɗauke da nasa darasi game da abin da ya kamata mace ta yafe wa wanda take so.

3.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Mashayin jini a camfin mutanen Gabashin Turai shi ne mamacin da yake tashi daga kabari da dare yana shan jinin rayayyu. Ya sha bamban da maye a al'adar Bahaushe, domin maye rayayyen mutum ne wanda aka yi imani yana kama kurwa, shi kuwa mashayin jini matacce ne mai yawo. A adabi da fim an ba shi wasu siffofi sanannu: ba ya tsufa, yana iya mayar da wani irinsa ta hanyar jini, kuma ana kashe shi da tsinin itace a zuciya, ko da wuta, ko da fille kai, ko da hasken rana. Rashin tsufan nan shi ne ya ba marubuta damar zaunar da mai shekara ɗari da ɗoriya a aji ɗaya da 'yan shekara goma sha bakwai.

Dangane da taurari kuwa, marubucin nan ɗan Ingila E. M. Forster, a littafinsa Aspects of the Novel (1927), ya kasa su gida biyu. Akwai miƙaƙƙen tauraro, wanda yake da hali guda daga farkon labari har ƙarshe. Akwai kuma tauraro mai gammo, wanda yake da halaye daban-daban, kuma abubuwan da suka same shi suna iya sauya shi. Ginin tauraro a wannan babi yana nufin matakan da marubuci ya bi har tauraro ya tashi daga wani hali ya koma wani. Bahaushe yana cewa hali zanen dutse. Wasannin da za a duba sun ɗauki halittar da jikinta ba ya sauyawa, suna tambayar ko halinta zai iya sauyawa. Haka kuma za a yi amfani da kalmar zango ga jerin wasannin da ake nunawa a shekara guda, kalmar kashi kuma ga wasan da ake nunawa a zama ɗaya.

3.2 Mashayin Jini Kafin Talabijin

Labarin mashaya jini ya bazu a Yammacin Turai ne ta hanyar rahotannin da jami'an daular Ostiriya suka rubuto daga ƙauyukan Sabiya a shekarun 1725 da 1732, inda suka ga talakawa suna tone kaburbura suna soke gawawwakin da suke zargi. Mashayin jini na wannan lokaci baƙauye ne, kumburarriyar gawa mai ban ƙyama, babu wata maganar soyayya a tattare da shi.

Sauyi na farko ya zo a 1819, lokacin da John Polidori ya wallafa gajeren labarinsa The Vampyre. Tauraronsa, Lord Ruthven, basarake ne mai kwarjini wanda yake shiga tarukan manya yana yaudarar mata. Daga nan sai Carmilla (1872) na Sheridan Le Fanu, sai kuma Dracula (1897) na Bram Stoker, dukkansu marubuta 'yan ƙasar Ailan. Abin lura game da Dracula shi ne an ba da labarin ta hanyar wasiƙu da littattafan ajiye sirri na abokan gabarsa, shi kansa ba a ba shi damar bayyana abin da ke zuciyarsa ba. Ke nan miƙaƙƙen tauraro ne: mugu ya shigo labarin, mugu ya mutu. Fim ɗin Jamus Nosferatu (1922) da fim ɗin Amurka Dracula (1931), wanda Bela Lugosi ya fito a ciki, ba su kauce wa wannan tsari ba. Mace a waɗannan ayyuka abar farauta ce wadda maza suke taruwa su ceta.

3.3 Dark Shadows da Zuwan Mashayin Jini Mai Nadama

Tashar ABC ta fara nuna Dark Shadows na Dan Curtis a watan Yuni 1966, ana nuna shi da rana a ranakun aiki. Da farko bai sami karɓuwa sosai ba. A watan Afrilu 1967 aka shigo da wani mashayin jini mai suna Barnabas Collins, wanda Jonathan Frid ya fito a matsayinsa, da nufin ya tsorata jama'a na ɗan lokaci sa'annan a kashe shi. Sai masu kallo suka kamu da sonsa, musamman 'yan makaranta da suke hanzarin komawa gida domin su riski wasan. Wannan ya sa marubuta suka bar shi, kuma wasan ya ci gaba har watan Afrilu 1971, aka yi kashi 1,225.

Barin Barnabas da rai ya tilasta wa marubutan su nemo masa dalili, domin ba zai yiwu a riƙa nuna miƙaƙƙen mugu kullum a matsayin babban tauraro ba. Saboda haka aka mayar da labarin baya zuwa 1795, aka nuna cewa wata matsafiya mai suna Angelique ce ta yi masa tsinuwa saboda kishi, kuma ta haka ya rasa masoyiyarsa Josette. Abubuwa uku suka fito daga wannan wasa waɗanda na baya suka gada. Na farko, mashayin jini mai ƙin halin da ya sami kansa a ciki. Na biyu, budurwar zamani mai kama da masoyiyar da ya rasa, domin Barnabas ya sace Maggie Evans ne saboda kamanninta da Josette. Na uku, neman makari, wanda likita Julia Hoffman ta duƙufa a kai.

Littafin Anne Rice, Interview with the Vampire (1976), ya ƙara zurfafa wannan hanya, domin mashayin jinin ne da kansa yake ba da labarinsa cikin nadama. Fim ɗin The Lost Boys (1987) ya mayar da mashaya jini samari masu yawo a kan babura. A 1991 kuma L. J. Smith ta fara wallafa littattafanta na matasa masu suna The Vampire Diaries. Ke nan kafin tsakiyar shekarun 1990 an riga an tara kayan gini, abin da ya rage shi ne tashar da za ta nemi matasa.

3.4 Buffy the Vampire Slayer (1997–2003)

An buɗe tashar The WB a watan Janairu 1995. Ƙaramar tasha ce wadda ba za ta iya gogayya da manyan tashoshi ba, don haka ta karkata ga matasa. Ranar 10 ga Maris 1997 ta fara nuna Buffy the Vampire Slayer na Joss Whedon, wanda ya riga ya rubuta fim mai wannan suna da ya fito a 1992. Wasan ya yi zango bakwai, kashi 144. Biyar na farko an nuna su a The WB, biyun ƙarshe a tashar UPN, aka rufe ranar 20 ga Mayu 2003. Manufar Whedon ita ce ya juya al'adar finafinan ban tsoro, inda yarinya take shiga lungu dodo ya kashe ta. A nan yarinyar ce dodanni suke tsoro. Buffy Summers, wadda Sarah Michelle Gellar ta fito a matsayinta, 'yar shekara goma sha shida ce a ƙagaggen garin Sunnydale na jihar Kalifoniya, kuma ita ce zaɓaɓɓiyar zamaninta mai kashe mashaya jini.

3.4.1 Buffy da Angel

A wannan wasa mashayin jini ba shi da ruhi, kuma ruhi a nan yana nufin abin da yake sa mutum ya ji zafin laifinsa. Angel, wanda David Boreanaz ya fito a matsayinsa, an mayar da shi mashayin jini a 1753 a garin Galway na Ailan, ya yi shekara fiye da ɗari yana ɓarna, har a 1898 wasu 'yan ƙabilar Romani suka yi masa tsinuwa ta hanyar mayar masa da ruhinsa domin ya ɗanɗana azabar nadama. Sharaɗin tsinuwar shi ne, ranar da ya sami cikakken farin ciki ko na ƙiftawar ido ne, ruhin zai sake barinsa.

A watan Janairu 1998, a zango na biyu, daren da Buffy ta cika shekara goma sha bakwai suka kwana tare, sai Angel ya wayi gari ba shi da ruhi. Ya yi mata izgili, ya riƙa bibiyar ƙawayenta da mahaifiyarta, ya kashe malamarsu Jenny Calendar. Ma'anar wannan a fili take: tsoron budurwar da saurayi ya juya mata baya bayan ya sami abin da yake so ne aka mayar da shi dodo na zahiri. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne a kan wa nauyin ya faɗa. Buffy ta sami damar kashe shi tun farko ta kasa, kuma jinkirinta ya jawo asarar rai. A ƙarshen zangon, a watan Mayu 1998, Angel ya buɗe ƙofar da za ta haɗiye duniya, wadda jininsa kaɗai zai rufe ta. Daidai lokacin ƙawarta Willow ta yi nasarar mayar masa da ruhinsa, ya dawo hayyacinsa bai san abin da ya aikata ba. Duk da haka Buffy ta soke shi da takobi. Yarinyar da ta fara wasan tana gudun aikinta domin ta yi rayuwa irin ta sa'o'inta, ita ce ta zaɓi aikin a kan masoyinta. Angel ya dawo a zango na uku, amma a 1999 ya bar garin domin ya ga ba shi da abin da zai ba ta, aka buɗe masa nasa wasan mai suna Angel (1999–2004). Ke nan sai da aka raba shi da ita sa'annan aka shiga gina shi sosai.

3.4.2 Buffy da Spike

Tarihin Spike, wanda James Marsters ya fito a matsayinsa, ya yi kama da na Barnabas. An shigo da shi a 1997 da nufin a kashe shi bayan 'yan kashi kaɗan, sai farin jininsa ya sa aka bar shi. Asalinsa wani marubucin waƙoƙi ne mai kunya a birnin Landan, wanda aka mayar da shi mashayin jini a 1880, kuma ya kashe zaɓaɓɓu biyu irin Buffy, ɗaya a ƙasar Sin a 1900, ɗaya a New York a 1977. An sauya shi mataki-mataki. A zango na huɗu sojoji suka dasa masa 'yar na'ura a ka wadda take hana shi cutar da mutane. A zango na biyar ya gane yana son Buffy. Amma wasan bai yarda cewa so kaɗai ya isa ya gyara shi ba.

A zango na shida, bayan mutuwar mahaifiyarta, da tata mutuwar da dawo da ita da abokanta suka yi ta hanyar tsafi, Buffy ta faɗa cikin ƙuncin zuciya, ta shiga hulɗar ɓoye da Spike alhali tana ƙyamar kanta. Da ta farga cewa amfani kawai take yi da shi, sai ta yanke hulɗar. A wani kashi da aka nuna a watan Mayu 2002 Spike ya yi yunƙurin yi mata fyaɗe, ta ture shi. Wannan fitowa ta jawo muhawara mai zafi tsakanin masu kallo. Ta fuskar ginin tauraro, abin da ya biyo baya shi ne Spike ya tsorata da kansa, ya tafi Afirka ya jure gwaje-gwaje masu azaba har ya karɓo ruhinsa, ya dawo kamar mahaukaci saboda nauyin laifuffukansa. A kashin ƙarshe ya ba da ransa domin rufe bakin jahannamar da take ƙarƙashin garin. Buffy kuwa ba ta ƙare a hannun kowa ba. Ta gaya wa Angel cewa ba ta gama zama mutumin da za ta zama ba tukuna, ta kwatanta kanta da kwaɓin da bai gasu ba, sa'annan ta raba ƙarfinta ga dukkan 'yan matan da suke da rabon zama irinta.

3.5 The Vampire Diaries (2009–2017)

A watan Satumba 2006 aka haɗe The WB da UPN suka zama tashar The CW. A tsakanin ƙarewar Buffy da wannan lokaci kasuwa ta sauya. Littafin Twilight na Stephenie Meyer ya fito a 2005, fim ɗinsa ya fito a watan Nuwamba 2008 ya yi kasuwa ƙwarai, kuma a cikinsa soyayyar ce jigo, yaƙi da mugunta ya koma gefe. A wannan yanayi ne Kevin Williamson da Julie Plec suka mayar da littattafan L. J. Smith wasan talabijin. An fara nuna shi ranar 10 ga Satumba 2009, mutum kusan miliyan biyar suka kalli kashin farko, aka rufe ranar 10 ga Maris 2017 bayan zango takwas da kashi 171.

Labarin yana faruwa a ƙagaggen garin Mystic Falls na jihar Bajiniya. Elena Gilbert, wadda Nina Dobrev ta fito a matsayinta, marainiya ce da ta rasa iyayenta a haɗarin mota a kan gada. 'Yan'uwa biyu, Stefan da Damon Salvatore, waɗanda Paul Wesley da Ian Somerhalder suka fito a matsayinsu, sun zama mashaya jini a 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka, ta dalilin wata mai suna Katherine Pierce wadda dukansu suka so. Elena kuwa kamarta ɗaya da Katherine. A nan an ga gadon Dark Shadows ƙarara. Bambancin wannan wasa da Buffy shi ne mashayin jini bai rasa ruhi ba, yana da tausayi, sai dai yana iya kashe tausayin nan kamar yadda ake kashe fitila idan zafin zuciya ya yi masa yawa. Wannan ƙa'ida ta sauƙaƙa yafiya, domin duk wanda ya yi ta'asa ana iya cewa fitilarsa ce a kashe.

3.5.1 Stefan da Damon

An fara wasan da Stefan a matsayin nagari mai shan jinin dabbobi, Damon kuma mugu. A zango na farko Damon ya juya hankalin Caroline Forbes, ƙawar Elena, yana shan jininta yana wulaƙanta ta, ya mayar da Vicki Donovan mashayiyar jini don nishaɗi, ya kuma kashe Lexi, aminiyar Stefan. Daga baya aka bayyana dalilinsa: shekara 145 yana jiran ya buɗe kabarin da ya zaci an kulle Katherine a ciki, da ya buɗe sai ya tarar ba ta nan, ashe tun tuni tana yawonta ba ta neme shi ba. Son maso wani ƙoshin wahala. Daga nan marubuta suka riƙa kusantar da halayen 'yan'uwan. Aka nuna Stefan ne ya matsa wa Damon ya sha jini a 1864, kuma shi Stefan idan ya ɗanɗani jinin mutum ba ya iya tsayawa, har ya yi suna wajen yayyaga mutane a farkon ƙarni na ashirin. A ƙarshen zango na biyu ya sallama kansa ga Klaus domin ya samo wa Damon maganin cizon da zai kashe shi, wanda hakan ya mayar da shi tsohon halinsa, ya kuma bar wa Damon fili wajen Elena.

Gyaruwar Damon ba ta tafi a miƙe ba. A kashin farko na zango na biyu, da Elena ta ce masa Stefan take so, sai ya karya wuyan ƙanenta Jeremy a gabanta, wani zobe na tsafi ne ya dawo da yaron. Wannan tsari ya yi ta maimaituwa: idan ta karɓe shi ya natsu, idan ta ƙi shi wani ya mutu. Ke nan an ɗora wa budurwar alhakin halin namijin. Sai a zango na shida, lokacin da aka kulle shi tare da Bonnie Bennett a wata duniya ta daban, aka ga Damon yana kyautata wa wani ba domin Elena tana kallo ba. Abota ce ta yi wannan aiki.

3.5.2 Elena

A zango uku na farko Elena tana da nata hali. Ta yarda ta ba da ranta domin ta kare danginta, kuma a ƙarshen zango na uku, a watan Mayu 2012, da mota ta sake faɗawa da ita ruwa daga gadar da ta ci iyayenta, ta nace wa Stefan ya fara ceton abokinta Matt. Ta mutu da jinin Damon a jikinta, ta farka mashayiyar jini. Daga nan sauye-sauyenta suka riƙa zuwa daga waje. A zango na huɗu aka ce akwai ɗaurin jini da yake sa ta bi duk umarnin Damon, kuma da umarninsa ta kashe tausayinta bayan mutuwar Jeremy, ta ƙone gidansu. Ta zaɓi Damon a 2013 bayan ɗaurin ya warware. A zango na shida, da ta zaci ya mutu, ta sa aka goge mata tunanin sonsa gaba ɗaya. A 2015 Nina Dobrev ta bar wasan, sai aka kwantar da Elena barcin tsafi, wasan ya ci gaba zango biyu babu ita, ta dawo a kashin ƙarshe kawai. A wannan kashi Stefan ya ba Damon makarin da ya mayar da shi mutum, shi kuma ya mutu domin ceton garin. Damon da Elena suka yi aure suka rayu, amma fitowar da aka rufe wasan da ita haɗuwar wa da ƙane ce bayan mutuwa.

Tauraruwar da ta fi kowace mace ginuwa a wasan ita ce Caroline. Ta fara a matsayin yarinya mai kishi da rashin yarda da kai, ta zama mashayiyar jini a farkon zango na biyu, sai ta fi kowa iya kame kanta, ta zama ginshiƙin abokanta. Abin lura shi ne sauyinta ya riga manyan soyayyoyinta.

3.6 Kwatanta Wasannin Biyu

Idan aka jera wasannin za a ga bambanci ta fuska uku. Ta fuskar wanda ake ginawa, a Buffy kowane masoyi mataki ne a rayuwar budurwar: Angel ya koya mata sadaukarwa, Spike ya nuna mata duhun da yake cikin zuciyarta. A The Vampire Diaries budurwar ce mataki a rayuwar 'yan'uwa biyu. Hujja mafi ƙarfi ita ce an fitar da Angel daga Buffy wasan ya ci gaba zango huɗu, an fitar da Elena daga nata wasan ya ci gaba zango biyu. Wanda aka iya cirewa ba shi ne ginshiƙi ba.

Ta fuskar laifi da sakamako, Spike sai da ya nemo ruhi ya sha azabar nadama kafin a sake amincewa da shi. Abin da Damon ya yi wa Caroline kuwa wasan bai tsaya ya yi masa hisabi a kai ba, ya bar kwarjininsa da barkwancinsa suka rufe. So hana ganin laifi, kuma a nan har masu kallo aka jawo cikin rashin ganin.

Ta fuskar dalili, ba daidai ba ne a ɗora komai a kan ra'ayin marubuta. Wasan da aka gina a kan mace ɗaya da maza biyu, kuma ake bukatar kashi ashirin da biyu ko kusa da haka kowace shekara, dole ya riƙa jinkirta zaɓin macen, hanyar jinkirtawa mafi sauƙi kuwa ita ce a riƙa juya mata hankali. Bugu da ƙari, wasan ya zo a zamanin Twitter da Facebook, inda masu kallo suka rabu gida biyu, magoya bayan Stefan da magoya bayan Damon, suna bayyana ra'ayinsu nan take. Tun zamanin Barnabas an ga cewa farin jinin mugu a wurin masu kallo yana sauya alƙiblar labari. Barnabas da Spike an bar su da rai saboda shi, Damon kuwa har ya auri budurwar.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda mashayin jini ya tashi daga gawar ƙauye a rahotannin 1725 da 1732, ya zama basarake mayaudari a 1819, ya zama mai nadama a talabijin daga 1967, sa'annan ya zama saurayin 'yar sakandare daga 1997. An kuma ga cewa tsarin talabijin mai dogon zango ne ya tilasta mayar da shi tauraro mai gammo, soyayya kuma ita ce hanyar da aka bi. Bayan 2017 wasannin da suka tsiro daga The Vampire Diaries sun ci gaba na ɗan lokaci, The Originals ya ƙare a 2018, Legacies a 2022, yayin da First Kill da Vampire Academy, waɗanda suka fito a 2022, kowanne zango ɗaya ya yi aka tsayar da shi. Dangane da tambayar ko hali zanen dutse ne, wasannin biyu sun amsa da cewa hali yana sauyawa, amma sun saɓa a kan wanda zai ɗauki nauyin sauyin. Buffy ya ɗora shi a kan mai laifin, ya bar budurwar ta ci gaba da gina kanta. The Vampire Diaries ya ɗora mafi yawansa a kan haƙurin budurwar, kuma gwargwadon ginuwar Damon, gwargwadon raguwar Elena a matsayin tauraruwa mai cin gashin kanta.